Daga Gindin Rumbu Zuwa Kan Kujerar Falo: Tarihin Kare a Gidan Bahaushe



Maganar da na zo da ita yau wataƙila wasu su ga ba ta kai a ɓata mata lokaci ba, don kuwa zancen kare ne. Ku yi mini uzuri ku ji yadda aka yi na faɗa cikinta.

A ƙarshen daminar da ta wuce sau biyu ɓarayi suna shigo mana unguwa a nan Sule Tankarkar. Karo na farko suka kwance awaki uku a gidan maƙwabcinmu. Karo na biyu suka haura katangar gidan kawuna suka ɗauke tunkiyar da Inna, kakarmu, ta shekara biyu tana kiwo. Washegari ɗan kawun nawa, wanda bai daɗe da dawowa daga bautar ƙasa a kudu ba, ya ce shi fa kare zai sayo. Ba wanda ya musa masa. Gardama ta tashi ne da ya zaro waya ya nuna mana karen: wani ɗan mitsitsi fari sol, gashi ya rufe masa ido, an ɗaura masa jan ƙyalle a wuya, yana hakimce a kan kujerar falo. Wai mai sayarwa a Kano ya ce masa irin wannan ba shi da ci, kuma cikin sati biyu zai koyi inda zai riƙa fitsari da kashi, ba zai ɓata ɗaki ba. Kuɗinsa kuwa ya haura na tunkiyar da aka sace.

Inna ta karɓi wayar ta nisanta ta da idonta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, wannan mage ce ko kare? Kuma wane ɗakin ne za a hana shi ɓatawa? Da ma ɗaki zai shiga?"

Aka yi dariya aka watse, amma ni tambayar ta tsaya mini a rai. Ku duba yawan kalmomin da muke da su na wurin dabba: turke, garke, barga, akurki, shinge. Duk da haka ba mu da kalma ɗaya tak ta koya wa kare tsabtar ɗaki, alhali Turawa suna da ita, har littattafai suke rubutawa a kai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Karen Bahaushe bai taɓa zama ɗan ɗaka ba. Wurinsa ƙofar gida, ko gindin rumbu, ko kusa da turken awaki, kaskonsa daban, kuma in ciki ya matsa masa ya san hanyar juji ba sai an nuna masa ba. Abin da na so in gano shi ne yadda aka yi ya tsaya a can shekaru aru-aru, da yadda aka yi yau muke neman mu shigo da shi falo.

Kare dai baƙo ne a Afirka. Daga kyarkeci ya samo asali, a wajen wannan nahiya, kuma ta wajen Masar ya shigo, a daidai zamanin da tumaki da awaki su ma suke shigowa daga Gabas ta Tsakiya. An tono ƙasusuwansa a Masar waɗanda suka haura shekara 6,000. A duwatsun Tassili da ke kudancin Aljeriya akwai zanen mafarauta da karnukansu, tun lokacin da Sahara take da ciyawa da tafkuna. Wani sarkin Masar, Intef na biyu, wanda ya yi zamani kimanin shekara 4,000 da suka wuce, ya sa an sassaƙa karnukansa a allon dutsen kabarinsa, kowanne da sunansa, kuma masana harshe suna danganta ɗaya daga cikin sunayen da kalmar da Buzaye ke kiran karen farauta da ita. Wato hanyar da ta kawo mana raƙumi daga baya, tuni kare ya riga shi binta.

A ƙasar Hausa kuwa, tsohon ambaton kare da na sani a rubuce ba mai daɗi ba ne gare shi. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fitar da fassararsa ta Turanci a 1908, ya ba da labarin mutanen Barbushe suna taruwa a gindin Dala don bautar Tsumburbura, wasu da baƙin kare, wasu da baƙar kaza, wasu da baƙin bunsuru. Kare a lokacin abin yanka ne ga tsafi. A ganina ma karin maganar nan da muke yi, a ce wane yana cin karensa ba babbaka, guntun tarihi ce da ta maƙale a baki. Mutanen da ba su taɓa ganin ana babbaka kare ba, ba za su ƙirƙiro ta ba.

Da Musulunci ya kafu, musamman daga zuwan Wangarawa Kano a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, sai kare ya sami sabon matsayi, kuma a nan ne nake ganin yawancinmu muke gaggawar yanke hukunci. Kowa ya san hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, da wanda ya ce ladan mai ajiye kare yana raguwa kullum. Amma hadisin na biyu da kansa ya ware karen farauta da na kiwo da na gona. Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo idan an ambaci sunan Allah, ga kuma karen As'habul Kahfi da Alƙur'ani ya ambata yana kwance a bakin kogo. Ku lura da wurin da yake: bakin ƙofa, daidai inda kakanninmu suka ajiye nasu.

Mazhabar Malikiyya da muke bi ta fi sauran sassauci a kan jikin kare. A wurin Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki bin umarni ne kawai, ba don ruwan ya ƙazantu ba. Risala, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta hana ajiye kare a gidaje, birni da ƙauye, sai don shuka ko dabbobi ko farautar neman abinci. Ta hana cinikinsa, ta kawo saɓani a kan wanda aka yarda a ajiye, ta kuma ce wanda ya kashe irin wannan sai ya biya ƙimarsa. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne labarin da masu sharhin littafin suke kawowa game da mawallafin kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996. An ce katangar gidansa ta faɗi a wani zamani na tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa da ra'ayin Malik, ya nuna cewa da Malik ya riski irin wannan zamani, da zaki ma zai ɗaure a ƙofa. Ni ba malami ba ne, mai neman fatawa ya nufi masu ita. Na kawo wannan ne don a ga cewa tambayar da ɗan kawuna ya zo da ita bayan an haura masa katanga, an yi ta a Tunisiya fiye da shekara dubu da suka wuce.

To a cikin wannan iyaka kare ya rayu a nan ƙasar Gumel. Masarautar Mangawa ce da ta kafu wajen 1750, mai alaƙa da Borno, kuma tana kan hanyar fatake tsakanin Kano da Kukawa da Damagaram. Heinrich Barth, wanda ya biyo ta Gumel a 1851, ya tarar da ita babbar kasuwar kanwa. Abin da ke saukowa daga arewa a lokacin, yau ma shi ke saukowa kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis: raƙuma, shanu, tumaki, da makiyaya. Makiyayi kuwa ba ya tafiya ba kare. Shi ya sa har yau idan tsofaffin mafarautanmu suna yabon kare za ka ji sun ce jinin arewa ne, suna nufin dogon nan siriri mai faɗin ƙirji da tsukakken ciki, irin na Buzaye, wanda in ya miƙe a kan jigawa zomo ba shi da tudun dafawa.

Na je na zauna da wani tsohon mafarauci a ƙauyen kakannina, na tambaye shi yadda suke zaɓen kwikwiyo. Ya ce abu na farko uwa ake dubawa, don ɗan karyar da ke satar ƙwai shi ma zai sata. Sannan a ɗaga ɗan ta fatar wuya, in ya yi ta kuka yana wutsil-wutsil a mayar da shi, in ya yi shiru yana kallonka a ɗauka. A duba ƙirji, a duba ƙafa. Daga nan sai dusa da ƙanzo da ragowar fura, da yawo da shi a bayan gari tun yana ƙarami ya riƙa bin manya, don ba a kiwon kare ranar farauta. Idan kaka ta wuce aka kwashe amfanin gona, a buga ganga, samari su fito da gora da barandami, a nufi daji neman zomo da kurege da gafiya da damo, a da can har da barewa. Ya ce faɗan da ya fi yawa a dajin farauta a kan karen wa ya fara kamawa ake yinsa, kuma akwai gidajen da suka yi shekaru ba sa ga maciji saboda zomo ɗaya.

Na ce masa to batun kashi fa, yaya kuke koya musu? Ya dube ni kamar na tambaye shi yadda ake koya wa kaza tono. Ya ce kare ba ya ɓata makwancinsa, sai in an ɗaure shi an manta da shi.

Ku lura, a duk bayaninsa bai ambaci sunan wani iri ba. Aiki ya ambata. Wannan tsari na a ce ga iri kaza mai suna kaza, da takardar asali, da awon tsawon kunne da na wutsiya, sabon abu ne ko a Turai. An yi gasar nuna karnuka ta farko a garin Newcastle na Ingila a 1859. Aka kafa Kennel Club a Landan a 1873, na Amurka ya biyo baya a 1884. Karen nan da muke kira na 'yan sanda, sai a 1899 wani hafsan sojan Jamus, Max von Stephanitz, ya kafa masa ƙungiya da littafin rajista. Kafin nan Bature ma kamar tsohon nan yake zaɓe: wanda zai iya aikin.

Ƙananan karnukan falo kuwa 'yan fada ne tun asali. A 1860, da sojojin Ingila da Faransa suka wawashe fadar bazara ta sarkin Sin a Bejin, sun kwaso wasu 'yan karnuka biyar, aka kai wa Sarauniya Victoria ɗaya, ta kuma sa masa suna Looty, wato ɗan ganima. Ba su ma ɓoye ba. Daga irinsu aka yaɗa Pekingese a Turai. Wanda ɗan kawuna ya nuna mana, Lhasa Apso, ɗan ƙasar Tibet ne, inda birnin Lhasa yake kan tsaunuka sama da mita 3,600, cikin sanyin da ko a tsakiyar hunturu ba mu taɓa jin irinsa ba. Gashin nan da ke burge mutane bargo ne aka halitta masa. A yi masa adalci, aikin gadi yake yi a can, yana zaune cikin gidajen ibada da na manya, in ya ji motsi ya yi haushi, manyan karnukan da ke waje su ƙarasa aikin.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, a lokacin da suke tara nasu, sun zo sun ɗebi namu. A dazukan Kwango akwai wani ɗan madaidaicin kare mai murɗaɗɗiyar wutsiya, ba ya haushi, yana lashe jikinsa kamar kyanwa, ba shi da wari. Turawa sun yi ta ƙoƙarin kai shi Ingila tun ƙarshen ƙarni na 19 yana mutuwa da cuta, sai a shekarun 1930 ya kama ƙasa, aka nuna shi a gasar Crufts a 1937. Sunan da suka ba shi, Basenji, a harshen mutanen wurin kusan karen ƙauye yake nufi. Haka karen Buzaye. An fara kai shi Turai a farkon shekarun 1970, aka raɗa masa sunan kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, kuma a 2019 ƙungiyar karnuka ta Amurka ta ba shi cikakkiyar rajista. Yau a can mai kuɗi ne ke mallakarsa. A nan ɗan'uwansa yana kwance ƙarƙashin motar shanu a Maigatari, yara suna jifansa.

Mu kuma karen ɗaka ta hannun Bature muka fara ganinsa, a gidajen Joji da Di'o da unguwannin Turawa irin Nasarawa a Kano, inda boyi ke yi masa wanka kuku ya dafa masa nama. Daga can maganar karen Bature ta shigo bakinmu, kuma ba yabo ba ce. Bayan 'yancin kai manyan ma'aikata suka gaji gidajen, wasu suka gaji har da ɗabi'ar. Tsoron 'yan fashi ya kawo manyan karnukan gadi a bayan dogayen katangu, sannan waya ta kawo ƙananan. Yanzu yaro a Gagarawa yana ganin bidiyon wata baiwar Allah a Legas tana taje wa karenta gashi, washegari ya fara tambayar farashi. Can gefe guda kuma fatake suna bin ƙauyukan arewa har cikin Nijar suna tattara karnukan gida, a kai kasuwar Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a Jihar Filato, daga nan a yi kudu da su inda ake cin namansu. Namu na fita a keji a araha, na waje na shigowa a kwali da tsada.

Yanzu ga maganar mai sayarwar nan ta sati biyu. Masu kiwon karnuka sun daɗe da lura cewa ƙananan iri sun fi manya wahalar koyon tsabta. Mafitsararsu ƙarama ce, suna ci akai-akai, kuma ɗan fitsarin da suka yi a bayan kujera ba a ganinsa da wuri, sai warin ya zauna, shi kuma kare inda ya ji warin nan yake komawa. Lhasa ma an san shi da taurin kai. Kwikwiyo kowane iri ne ba ya iya riƙe fitsari sosai sai ya kai wajen wata huɗu, kuma a saba gaba ɗaya yakan ɗauki wata huɗu zuwa shida. Hanyar kuwa ɗaya ce ko a Landan ko a Sule Tankarkar: a fitar da shi da zarar ya farka, da bayan ya ci, da kafin a kwanta, kullum wuri ɗaya, in ya yi a yaba masa. Duka ba ya koya masa komai illa ya riƙa ɓuya in zai yi. Duk dabarar a kan abin da tsohon mafaraucin nan ya faɗa aka gina ta, cewa kare ba ya son ɓata inda yake kwana.

Sai kuma abin da mai sayarwa a Kano ba zai faɗa maka ba. A watan Afrilu da Mayu zafinmu yana haura digiri 40, ga wuta sai an ga dama. Kare mai bargo a jiki, ko mai dakakken hanci irin Pug wanda ko a ƙasar sanyi numfashi ke ba shi wuya, azaba zai sha. Ga kaska, wadda ke ɓuya cikin dogon gashi har sai ta shanye jini. Ga ƙarangiya. Duk wanda ya taɓa ratsa gona da kaka a ƙasar nan ya zauna cire ta daga ƙafar wando, ya kwatanta kare mai gashi har ƙasa ya shiga cikinta sau ɗaya. Ka kawo shi don ya rage maka tsaron dare, ka koma kai ne mai yi masa fifita da tsifa. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da biri an sayi kare.

Akwai abu ɗaya da ya fi zaɓen iri muhimmanci, kuma a kansa ne ba na wasa. Ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a duniya duk shekara a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Rigakafinsa kuwa ya tsufa: ranar 6 ga Yuli 1885 Louis Pasteur ya fara gwada allurarsa a kan wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, ya kuma rayu. A ƙasar nan cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda take can tun 1924, tana yin allurar karnuka. Ana yi wa kwikwiyo yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a nufi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga ko karen zai haukace. Ɗan ƙaramin farin nan na kan kujera da baƙin da ke kwana a juji, cutar ba ta bambanta su, kuma na kan kujerar ne ya fi kusa da fuskar yaro.

Duk wannan na kwashe na zayyana wa ɗan kawuna. Ban ce bayanina ne ya juya shi ba, na fi zaton kuɗin mota zuwa Kano da na abincin gwangwani ne. Ko ma dai mene ne, ranar wata Juma'a muka hau babur muka koma wurin tsohon mafaraucin, muka tarar karyarsa ta haihu. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ta wuya, ya miƙo mana wata 'yar ja mai farin ƙirji. Ya ƙi yin ciniki, ya ce shi bai gaji sayar da kare ba, sai muka ba shi tukuicin goro da kwanon gero biyu.

Inna ta kafa sharuɗɗanta tun a zaure: ba ta shiga ɗaki, ba ta zuwa inda ake sallah, ba ta kusantar randa. Aka yi mata rumfa a gefen turke. Makonnin farko an sha fama, har da ranar da ta tsuguna daf da inda Inna ke ajiye butarta, wadda saura kaɗan ta zama ranarta ta ƙarshe a gidan. Ɗan kawuna ya riƙa tashi da asuba yana kai ta bayan gida wajen juji, ya sake kai ta bayan cin tuwon dare. Yanzu da kanta take zuwa ta tsaya a bakin ƙyauren baya tana jira a buɗe. Da ta cika wata uku ya saka ta a kwali ya kai ta asibitin dabbobi a Gumel aka yi mata allura, takardar tana cikin akwatinsa tare da ta bautar ƙasa.

Shi Bobi ya so ya sa mata, amma sunan da Inna ta kira ta da shi ne ya bi ta, wato Mage. Daren Talatar da ta wuce wajen ƙarfe biyu ta tashe mu da haushi, muka fito da tocila da taɓare, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Bushiya ce ta shigo ta magudanar ruwa. Inna ta yi ta faɗa wai an hana ta barci a kan banza. Da safe na shiga gaishe ta, na tarar da ita a tsugune gaban kaskon tana jiƙa ƙanzo da ruwan ɗumi.